Tantance yanayin tsofaffin sulalla ta hanyar hoto

Tantance yanayin tsofaffin sulalla ta hanyar hoto hanya ce da masu tara tsofaffin kuɗin ƙarfe da dillalansu suke bi don ƙiyasta yadda kwandala ta goge ko ta lalace, ba tare da sun riƙe ta a hannu ba. Mai tantancewa yakan dubi hoton gabanta da bayanta da gefenta, ya kwatanta da hotunan wasu irinta waɗanda aka riga aka san matakinsu, sannan ya faɗi inda ta faɗa a kan ma'auni. Abu uku ne ke yanke farashin tsohuwar kwandala: ƙarancinta, yawan masu nemanta, da yanayinta. Na ukun ne kan raba kwabbai biyu da aka buga a shekara ɗaya a masana'anta ɗaya, har ɗaya ya yi tsada, ɗayan kuwa a haɗa shi cikin tsibi a sayar.

Hoto yana nuna gogewa sosai, amma yana ɓoye sheƙi, da siraran layukan da wanki ke bari, da nauyi, da amo. Don haka ake ɗaukar abin da aka faɗa daga hoto a matsayin ƙiyasi, ba hukuncin ƙarshe ba. Duk da haka hanyar tana da amfani a wurare irin su arewacin Najeriya da kudancin Nijar, domin manyan kamfanonin tantancewa suna Amurka ne, rassansu kuma suna Turai da Asiya. Wanda ya tsinci gwangwanin aninai a ɗakin kakarsa a Bebeji ko Tudun Wada, hoton waya shi ne abu na farko, galibi kuma na ƙarshe, da zai iya nuna wa masani.

Kalmomi

Hausawa na kiran kuɗin ƙarfe da sunaye da dama: sulalla, kwabbai, tsaba. A wannan maƙala an yi amfani da kwandala ga guda ɗaya, sulalla kuma ga jam'i. Mataki yana nufin matsayin kwandala a kan ma'aunin yanayi, ba farashinta ba.

A lissafin zamanin Turawa, anini shi ne ɗaya bisa goma na kwabo, ɗari ko sisin kwabo rabin kwabo ne, ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, sule kwabo goma sha biyu, dala ko fataka sule biyu, fam kuma sule ashirin. Ahu da nai lissafin baki ne kawai, ba a buga musu kwandala a Afirka ta Yamma ba. Yawancin sunayen aro ne da harshe ya lanƙwasa: kwabo daga kalmar Turanci copper, sisi daga sixpence, sule daga shilling, fam daga pound. Fataka ta samo asali daga pataca ta Fotigal, dala kuwa 'yar'uwar dalar Amurka ce, dukansu daga thaler ta Jamusanci suka fito. A Nijar har yanzu dala na nufin sefa biyar. Kuɗin sun daɗe da ɓacewa daga kasuwa amma kalmomin na nan a bakin jama'a, ana cewa wane ba shi da ko sisin kwabo, ana kuma kiran kyaftin ɗin soja mai anini uku. Waɗannan sunaye ba sa jikin sulallan, ba sa kuma cikin kundayen masu tarawa, saboda haka mai neman hoton kwatanci dole ya san sunan da aka rubuta a jikin kwandalar da shekararta.

Sulallan da ake samu a kudancin Kano

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin yau da kullum a ƙasar Kano, manyan fatake kuma suna riƙe da liyari, wato azurfar Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500. Bebeji tana kan hanyar fatake ta Kano zuwa Zariya, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ana ba da labarin cewa a 1929 ya buɗe asusu a bankin Turawa na Kano da kayan raƙuma ashirin na sulallan azurfa. Labarin yana nuna irin yawan kuɗin ƙarfen da cinikin goro da na gyaɗa suka tara a hannun mutane, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Harajin da aka riƙa karɓa da kuɗin Turawa, da ladan lebura a wuraren haƙar kuza irin su Riruwai a Doguwa, su suka kai sulallan har cikin ƙauyuka.

An fara buga anini da kwabo don Najeriya a 1907. Aninin farko na alminiyam ne, amma a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Sisin kwabo ya biyo baya a 1911. Dukansu uku suna da rami a tsakiya. A gabansu akwai kambin sarauta, da sunan sarkin Ingila, da ƙimar kuɗin da rubutun boko da na Larabci. A bayansu akwai tauraro mai tsini shida. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a Landan domin Najeriya da Ghana ta yanzu da Saliyo da Gambiya, a 1913 kuma ta fito da taro da sisi da sule da dala na azurfa. Sule da dala suna ɗauke da hoton bishiyar kwakwar manja. A 1920, da azurfa ta yi tsada, aka maye gurbinsu da tagulla mai launin rawaya. A 1938 aka sake sauya gaurayen, aka kuma yi wa manyan sulallan wani kwari a gefe don a daƙile masu buga jabu, waɗanda suka addabi hukuma a lokacin. Daga 1952 masu ramin suka koma jar tagulla.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da nasa sulallan: taro mai gefe goma sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwa, dala da gyaɗa. A ranar 1 ga Janairu, 1973 aka koma naira da kwabo, inda sule goma suka zama naira ɗaya, shi ya sa dattawa suka ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar kuma sisi. An ƙara kwandalolin kwabo hamsin da naira ɗaya a 1991, da ta naira biyu a 2007.

Kusan duk waɗannan an buga su ne miliyoyi, kuma sun yi shekaru suna yawo daga hannu zuwa hannu. Gogaggu suna da yawa a duniya, waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba ne suke da wuyar samu. Nan ne tantance yanayi ya shigo.

Tarihin ma'auni

Duba yanayin kwandala kafin a karɓa tsohon abu ne. A ƙasashen Larabawa da Habasha 'yan kasuwa sukan ƙirga ƙananan duwatsun adon da ke kafaɗar Mariya Tareza da na kanta, idan sun shafe a ƙi karɓar liyarin ko a rage masa daraja. A kasuwannin ƙasar Hausa kuwa akan jefa sule a kan dutse a saurari amonsa.

Ma'aunin lambobi da aka fi amfani da shi a yau ya fito ne daga Ba'amurke William Herbert Sheldon, masanin halayyar ɗan Adam, a littafinsa Early American Cents na 1949. Ya tsara shi daga 1 zuwa 70 domin tsofaffin kwabban Amurka na 1793 zuwa 1814. A tunaninsa lambar farashi take nunawa: kwandalar da ke mataki na 20 ta ninka mafi gogewar irinta sau ashirin a kuɗi. Wannan lissafi bai daɗe ba kasuwa ta rushe shi, amma lambobin suka zauna, a shekarun 1970 kuma ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, ANA, ta shimfiɗa su a kan dukan sulallan ƙasar.

Kwatanci da hoto ya kankama ne a 1970, lokacin da James F. Ruddy ya wallafa Photograde, littafin da ya jera hoton kowace kwandala a matakai daban-daban domin mai karatu ya ajiye tasa a gefe ya duba. Kafin shi akwai littafin Brown da Dunn na 1958, wanda ya dogara da bayani, daga baya aka ƙara masa zanen hannu. Sashen tantancewa na ANA, wato ANACS, da aka kafa a 1972, ya riƙa ba da takardar shaida mai ɗauke da hoton kwandalar. PCGS a 1986 da NGC a 1987 su suka yaɗa tsarin rufe kwandala a cikin akwatin roba mai tauri, da lambar mataki da lambar shaida a jiki. Abin lura shi ne waɗannan kamfanoni ba sa yanke mataki daga hoto. Sai an aika musu kwandalar, ƙwararru fiye da ɗaya sun juya ta a ƙarƙashin fitila. An gwada tantancewa da kwamfuta a farkon shekarun 1990 amma ba a ɗore ba. Manhajojin waya na yanzu suna ƙoƙari wajen gane irin kwandala da shekararta, amma matakin da suke bayarwa bai fi ingancin hoton da aka ba su ba.

Matakai

A ƙasan ma'aunin Sheldon akwai P-1 da FR-2 da AG-3, inda kwandala ta shafe har da ƙyar ake gane ta. G-4 zuwa G-6 na nufin siffar hoton tana nan amma cikinsa ya zama sumul, rubutun gefe kuma ana iya karanta shi. A VG-8 da VG-10 wasu layuka sun fara bayyana. F-12 da F-15 kusan rabin ƙananan zanen ne ya rage. VF, daga 20 zuwa 35, shi ne kwandalar da ta yi yawo amma tana da kyan gani, tudun zanen kawai ya goge. XF-40 da XF-45, wasu na rubuta EF, gogewar kaɗan ce a wurare mafi tsayi, kuma akan ga ragowar sheƙi a tsakanin haruffa. AU-50 zuwa AU-58 ta kusa zama sabuwa. Daga 60 zuwa 70 ana rubuta MS, ma'ana ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba, kuma a nan ba gogewa ake aunawa ba sai yawan tabon da ta samu a buhu, da ƙarfin sheƙi, da kyan bugu. Ga sulallan jar tagulla akan ƙara RD idan jan launin asali yana nan, RB idan ya fara dusashewa, BN idan ya koma ruwan ƙasa.

Dillalan Ingila, waɗanda ake yawan cinikin sulallan Afirka ta Yamma a hannunsu, sun fi amfani da F, VF, EF da UNC ba tare da lamba ba, kuma sun fi Amurkawa tsanani: abin da ɗan Landan zai kira EF, Ba'amurke kan iya kiransa AU. Masu Faransanci, har da na Nijar, suna da B, TB, TTB, SUP, SPL da FDC. Saboda haka idan an faɗi mataki ya kamata a faɗi ma'aunin da aka bi.

Wuraren da ake dubawa

Gogewa tana fara cin wurin da ya fi tudu ne, don haka kowace irin kwandala tana da inda ake fara kai ido. A kan taro da sisi da sule da dala na Sarki Joji na Biyar, hoton da Bertram Mackennal ya zana, ana duba maɗaurin kambin da ke goshinsa, da gashin baki, da kunne. Masu tara sulallan Ostareliya, waɗanda ke ɗauke da wannan hoto, sun saba da ƙirga duwatsu takwas da ke jikin maɗaurin: idan shida sun fito, ɗan zane mai kusurwa huɗu na tsakiya kuma ya cika, kwandalar tana wajen VF, idan takwas ɗin duka sun fito ta kai EF. Dabarar tana aiki a kan na Afirka ta Yamma. A baya kuma ana duba ganyayen kwakwar, a ga ko kowane reshe yana da layukansa ko sun haɗe sun zama dunƙule, da kuma ɓawon jikin bishiyar.

Masu rami sun fi wuyar tantancewa domin ba su da hoton fuska. A kansu ana duba duwatsun kambin da ke saman ramin, da kaifin layukan tauraron musamman inda suka sarƙe da juna, da ɗigogin rubutun Larabci, da bakin ramin kansa. Mutane sukan zura su a igiya su ɗaure a ƙugu ko su rataye, igiyar kuma kan cinye ramin ta gefe guda har ya tashi daga da'ira. Gaurayen jan ƙarfe da nikel yana da tauri, saboda haka anini kan yi shekaru yana yawo rubutunsa bai shafe ba, abin da ke sa sabon shiga ya ba shi matakin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma ƙaramin harafin da ke nuna masana'anta: H na Heaton a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu, waɗanda ba su da harafi kuwa na masana'antar gwamnatin Ingila ne a Landan. Harafin ba ya cikin mataki, amma wani lokaci shi ke raba gama-gari da mai wuyar samu a shekara guda, kuma ƙanƙantarsa ta sa yakan ɓace a hoton da bai fita ba. KN da ta goge ma tana iya kama da wani harafin.

Dole a bambanta gogewa da raunin bugu. Idan hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi ya tsufa, ko injin bai danna da ƙarfi ba, kwandala kan fito daga masana'anta wani ɓangarenta a kwance. A hannu bambancin a fili yake, domin wurin da bugu bai kama ba yana da sheƙinsa, wurin da ya goge kuwa ya dusashe ya sauya launi. A hoto su biyun kan zo iri ɗaya.

Abin da hoto ba ya nunawa

Sheƙin asali yana fitowa ne daga siraran layukan da ƙarfe ke yi lokacin da aka danna shi ya bazu daga tsakiya zuwa gefe. Idan aka karkata sabuwar kwandala a gaban haske, za a ga hasken yana zagayawa kamar ƙafar keke. Wannan motsi ne, hoto kuwa tsayayye ne. Shi ya sa iyakar da ke tsakanin AU-58 da MS-62, wadda sau da yawa a nan farashi ke yin tsalle, ita ce mafi wuyar ganewa daga hoto. Daga G zuwa XF ƙwararre kan dace ko ya kauce da mataki ɗaya. Daga AU zuwa sama, wanda ya san abin da yake yi tazara yake bayarwa, ba lamba guda ba.

Siraran layukan wanki su ma ba sa bayyana sai haske ya faɗo musu ta wata kusurwa. Mai sayarwa zai iya ɗaukar hoto goma ya zaɓi wanda ba su fito a ciki ba, ko da gangan ko da rashin sani. Kyamarar waya tana ƙara nata: manhajarta kan sumulce fuskar abu, ta ƙara kaifin gefuna, ta sauya launi, sannan WhatsApp da Facebook su matse hoton su zubar da ƙananan bayanai. Fitilar ɗaki mai launin rawaya tana iya mai da farin kwabo kamar na tagulla.

Hoto kuma ba ya tabbatar da sahihanci, alhali tantance mataki ba shi da ma'ana sai an san kwandalar ta gaskiya ce. Jabun da aka zuba a kasko yakan nuna ƙananan ramuka a fuska, da haruffa masu kumburi, da layin haɗi a gefe, kuma ana iya hango waɗannan a hoto mai kyau. Amma nauyi ne babbar shaida. Sulen azurfa na 1913 yana da kimanin giram 5.66, dala giram 11.31, liyari kuwa giram 28.07, kashi 83.3 cikin ɗari nasa azurfa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko tagulla ko gaurayen jan ƙarfe da nikel, saboda haka liyarin da ya manne masa ba na gaskiya ba ne. Sulallan naira na 1991 da 2007 kuwa baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe, kama su da maganaɗisu ke yi ba aibi ba ne.

Lahani

Kwandalar da aka wanke, ko aka huda, ko aka yi wa walda, ko tsatsa ta ci, kamfanonin tantancewa ba sa ba ta lamba. Sukan rubuta matakin zanenta kawai su ambaci lahanin, farashinta kuma ya faɗi ƙasa da na takwararta mai lafiya. Ga sulallan da ake samu a gidajen ƙasar Hausa wannan ya fi lambar Sheldon muhimmanci, domin kaɗan ne suka tsira daga ɗaya cikin waɗannan.

Wanki ne ya fi yawa. Da zarar mutum ya ji cewa tsohon kuɗi na iya yin daraja, abin da kan fara zo masa shi ne ya sa toka ko yashi ko lemun tsami ko tsamiya ko soson ƙarfe ya goge shi ya yi ƙyalli. Wannan ƙyalli ba sheƙin asali ba ne, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. A hoto, kwandalar da aka wanke tana da haske iri ɗaya ko'ina kamar cokali, ga datti maƙale a lungunan haruffa, ga gogewa da ba ta dace da wannan haske ba. Duhun da shekaru suka sa wa azurfa ko tagulla ba datti ba ne a wurin masu tarawa. Da yawansu sun fi son sa.

Sai ado. Maƙeran farfaru sun narkar da liyari da sulallan azurfa masu yawa sun yi zobba da mundaye da kayan doki, wasu kuma an huda su ko an liƙa musu kunne an yi sarƙa da adon kitso, kamar yadda ake gani a wurin matan Fulani. Idan an cire kunnen akan bar tabon walda a gefe, wajen saman kan hoton, shi ya sa mai saye ke neman hoton gefe. Irin waɗannan suna da nasu masu so a matsayin kayan al'ada, amma sun fita daga ma'aunin mataki.

Waɗanda aka binne a tukunya ko aka tono a gona kan fito da fuska mai ƙaiƙayi da ramuka. Kore-kore mai laushi kamar gari a jikin tagulla alama ce cewa ƙarfen yana ci gaba da lalacewa, kuma damshin damina yana ƙara masa gudu. Leda mai laushi ita ma tana barin wani kore mai danƙo idan kwandala ta daɗe a cikinta, don haka aka fi son ajiya a ambulan na takarda a wuri busasshe.

Ɗaukar hoto

Ana shimfiɗa kwandala a kan baƙin ƙyalle marar ado kusa da taga, a inda rana ba ta bugawa kai-tsaye, a kashe filashin waya. Wayar ta tsaya daidai saman kwandalar, ba a karkace ba. Jingina ta a kan littattafai yana hana rawar hannu. Ana ɗaukar gaba da baya da gefe, sannan a sake ɗauka bayan an juya ta yadda haske zai zo ta wani ɓangare. Hoto ɗaya a kan sikelin maƙera ko na masu sayar da zinare, wani kuma kusa da rula, suna amsa tambayar nauyi da faɗi. Gajeren bidiyo da ake karkata kwandalar a hankali yana nuna sheƙi da layukan wanki fiye da kowane hoto. Ana riƙe ta ta gefe, domin zufar yatsa na barin tabo. Wajen aikawa, tura hoton a matsayin fayil yana hana manhaja matse shi.

Don kwatanci, shafukan intanet na PCGS da NGC suna ba da damar shigar da lambar shaida a ga bayanin kwandalar da aka tantance, sau da yawa har da hotonta. Kundin Krause da Mishler, wanda aka fara bugawa a 1972, shi ya samar da lambobin KM da ake gane kowace iri da su, shafin Numista kuma yana amfani da su. Gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Najeriya da ke Abuja, wanda aka buɗe a 2009, yana baje kolin wuri da sulallan zamanin Turawa da na bayan 'yanci.

Kurakuran da aka saba yi

Tsufa ba shi ne tsada ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne liyari: Mariya Tareza ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jiki har zuwa yau, a Biyana da kuma wasu lokuta a Landan da Paris da Rum da Bombay. Liyarin da ke hannun mutum yana iya zama na ƙarni na ashirin, kuma mafi yawansu darajarsu ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da ɗan ƙari ba.

Haka nan anini da sisin kwabo da kwabo na 1936 masu sunan Edward na Takwas. Sarkin ya hau mulki a Janairun wannan shekara ya sauka a Disamba, Ingila ba ta kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba, sai wasu ƙasashen mallaka irin su Afirka ta Yamma da Afirka ta Gabas da Fiji suka fitar da masu rami da sunansa. Labarin yana da daɗin ji, amma an buga su da yawa ƙwarai, masu tarawa kuma sun ɓoye sababbi tun a lokacin, don haka gogagge ba ya wani kuɗi.

Farashin da ake gani a shafukan talla abin da mai kaya ya nema ne, ba abin da aka biya ba. Sakamakon gwanjon da aka kammala shi ne abin dubawa, kuma a matakin da ya dace da kwandalar mutum, ba matakin MS ba. 'Yan damfara suna amfani da wannan giɓi. Wani kan ga hoto ya ce kwandalar ta kai miliyoyi, ko ya ce tana ɗauke da wani sinadari da Turawa ke nema, sannan ya buƙaci kuɗin rajista ko na gwaji kafin ciniki. Wani kuma kan saci hoton kwandala mai kyau ya yi talla da shi. Masu saye sukan kare kansu ta neman sabon hoto da takarda mai ɗauke da kwanan wata a gefen kwandalar.

Doka

Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta hudawa ko lalata kuɗin da bankin ya fitar, da kuma cinikinsu, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Kayan tarihi kuma, ciki har da abin da aka tono daga ƙasa a tsofaffin kufai, suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, kuma ba a fitar da su daga Najeriya sai da izininta.